Ƙofar da Faifai Ya Ƙi Buɗewa

Ku da kuke zama a bencina nan unguwar Bobiel ta Yamai kuna canza gilashin waya, ina jin abin da kuke faɗa duk sa'ad da na sauko da tsohuwar na'urar nan daga saman kabad ina goge ta. Kuna cewa wai aikinmu na da ba aiki ba ne, faifai kawai ake sakawa a danna maɓalli a zauna ana shan shayi. To ku aje turnabis ɗinku na kwance waya ku saurara. Ni Ayuba, mutumin Dogon Dutsi, na yi shekaru ina riƙe da ɗakin wasa a unguwar Goudel, bakin kogi, kuma ba da wasan ƙwallo aka san ni ba. Da wasannin tsoro aka san ni, irin waɗanda ko mutanen da suka sayar mini da su ba su san sunansu ba. Ina alfahari da wannan har gobe.

Aikin farko da maigidana Baba Hamani ya ba ni shi ne wanke ido. Bazabarme ne, mai gyaran rediyo a bayan kasuwar Petit Marché, rumfarsa tana manne da ta masu yaji, sai ka yini kana atishawa kana narka dalma. Da na'urorin wasa masu faifai suka fara shigowa Yamai, shi ne ya fara buɗe cikinsu ba tare da tsoro ba. A cikin kowace akwai ɗan gilashi wanda bai kai ƙwayar wake ba, shi yake haska faifai ya karanta abin da ke ciki, mu kuma ido muke ce masa. Baba ya naɗa auduga a kan tsinken ashana, ya ɗiga mata alkol, ya miƙo mini. Na danna da ƙarfi irin na mai kankare tukunya, ya kama hannuna ya ce in tashi in je in sayo masa goro, in na dawo da hankalina sai mu ci gaba. Na daɗe ina sayo goro kafin ya bar ni da ido ni kaɗai.

Shi ya koya mini gyara da kunne. Ka kunna na'ura, ka kara kunnenka a murfi, ka yi shiru. Lafiyayya takan yi ɗan shuu ta kama aikinta. Mai ciwo kuwa sai ka ji tana tik, tik, tana neman layi tana rasawa. Ya kuma nuna mini wani ɗan bis ƙarami, wato ƙusa mai murɗi, a gefen idon, wanda in ka murɗa shi hasken yake ƙaruwa. Ya ɗora yatsa a kai ya dube ni.

"Wannan kada ka taɓa shi, sai ranar da ka yarda ka rasa idon. Zai gani fiye da yadda ya taɓa gani, sannan ya ƙone."

Faya-fayan a cikin kwalaye suke zuwa daga Kwatano da Lome, tare da tsofaffin tele da firiji. Masu ɗakunan wasa sukan yi wa kwalin rubdugu, su kwashe na ƙwallo da na dambe da na tseren mota. Abin da ya rage a ƙasa su ne masu baƙin bango da rubutun Japan, wasu ma ba bango, an zuba su a leda kawai. Ni ba ni da ƙarfin kokawa da manyan, sai na riƙa kwashe ragowar. Da na buɗe nawa ɗakin a Goudel, kusa da lambunan salati, da su na fara. Akwai wanda kake mai gadin makaranta, duk sa'ad da ka juya baya ƙofofi sun canza wuri. Akwai na jirgin ruwa da babu kowa a ciki amma abinci na kan tebur yana tururi. Ba jini a yawancinsu, ba harbe-harbe, tsoron a cikin jira yake da ƙarar taku a bayanka.

Faifan da ya zo a leda ya riga ya sha wuya, don haka gogewa ita ce rabin sana'ar. Farin man goge haƙori nake sa wa, ba mai launi ba, da ƙyallen tsohuwar singileti da ta sha wanki har ta yi laushi. Daga ramin tsakiya kake ja zuwa baki, a miƙe. Wanda ya bi faifai da'ira ya kashe shi, na ga mutane da yawa sun yi haka suna ganin gyara suke. Kuma kowace gogewa tana cin jikin faifan kaɗan, ba a yin ta don nishaɗi. Sai zafin bazara, wanda yake sa na'ura ta sume ana tsakar wasa. Nakan jiƙa buhun algarara in shimfiɗa a bakin randa, in jera gwangwanin tumatir a kai, in kife na'urar a bisansu, cikinta sama. Baƙo in ya shigo sai ya zaci wani tsafi muke yi, alhali a kife ne tsohon ido yake fi kusantar faifai.

Wasan tsoro mutum ɗaya yake buga shi, wannan ne ya sa sauran masu ɗakuna suka ce zan mutu da yunwa. Sai na kafa tsari. Bayan azahar a rataye bargo a taga, a jera benci. Mutum ɗaya ya riƙe manet, wato abin sarrafa wasan, sauran su kalla, in aka kama shi ya miƙa wa na kusa da shi. Wanda ya fara yin ihu shi zai hura gawayin shayi. In an kira la'asar a tsayar da wasa, musulmi su fita salla, mu 'yan coci mu yi gadin manet, kuma haramun ne wani ya matsa ko taku ɗaya kafin su dawo. Kart ɗin da ke adana inda aka tsaya guda ɗaya ne na kowa da kowa, a wuyana yake rataye da zare.

Rubutun Japan kuwa ba wanda ya iya ko harafi a cikinmu, don haka ni ne mai fassara. In mutum ya yi magana a tele, rubutu ya fito a ƙasa, sai in dubi fuskarsa da hannuwansa in faɗi abin da ya ce da Hausa, in ƙara da Zabarmanci saboda masuntan da ke zuwa kallo. Kowa ya san ƙirƙira nake yi, kowa kuma ya yarda. In na yi tafiya Dogon Dutsi, sai in dawo in tarar ba su taɓa wasan ba, wai ba daɗi in babu mai gaya musu abin da fatalwa take nufi.

Wanda ya fi kowane kama mutane shi ne wanda muka sa wa suna Doguwa. Faifai biyu ne a leda ɗaya, ban taɓa ganin wani a Yamai da irinsa ba. Kai mai raba wasiƙu ne, ka shiga wani gari da ruwa ya ci, ba ka da bindiga, ashana kawai da lema. A ɗakin farko kana tsintar wani ɗan abu ja a kan matakala ka sa a jaka, daga nan sai wata mace doguwa mai jiƙaƙƙen zane ta fara bin ka. Ba ta gudu. Tafiya take a hankali, ta ɗan duƙa, amma duk inda ka shiga sai ta iso. In ta taɓa ka, tele ya yi baƙi. Ni da na tashi a ƙasar Arewa, inda tsofaffinmu ko sunan Doguwa ba sa kira da ƙarfi, ina ganinta na san sunan da zan ba ta. Na ce musu mayya ce mai shan jini, jan abin nan kuma laya ce da ke kare mu, kada kowa ya kuskura ya jefar.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yarda da fassarata ba, Madam Rahila. Ungozoma ce, Bagobira 'yar Maraɗi, cocinmu ɗaya. Wata rana ta kawo mini rediyonta gyara, ta tarar ana wasan, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa har aka tashi. Daga nan duk ranar da ta sauka aikin safe sai ta biyo. Ita kaɗai ce mace a bencin, kuma ba ta taɓa hura gawayi ba. Sumana, wani masunci Bazabarme mai faɗin ƙirji wanda ya fi kowa hura shi, yakan tsokane ta da wasan da ke tsakaninsu da Gobirawa, ya ce ai Bagobira ba ta jin tsoron mayya don 'yar'uwarta ce. Ita kuma ta ce masa ya kula da wandonsa, Doguwa na tafe. Amma in na fara zuba fassara sai ta girgiza kai ta ce matar nan ba mayya ba ce, in na tambaye ta dalili sai ta ce in dai kalli tafiyarta.

Ba mu iya raba gardamar ba, saboda faifai na biyu yana da wani mugun karce kusa da baki. Wasan yakan tafi lafiya har saman wani bene, gaban wata ƙofa mai shuɗin fenti. Da zarar an taɓa ƙofar sai tele ya daskare, na'ura ta shiga tik, tik. Na goge faifan har na ji tsoron ƙara taɓa shi. Na san abin da za ku ce, me ya hana in kwafa. Na kai shi wurin masu kwamfuta har wuri uku, kowace ta zo daidai karcen ta tsaya. Na sa 'yan kasuwa masu zuwa Kwatano su duba mini wani, ba sunan da zan ba su, sai dai in kwatanta musu mace doguwa. Shekara da shekaru muna hawa benen nan muna tsayawa a bakin ƙofa, mu kashe mu saka wani wasan.

Sannan muguwar shekara ta zo. Dama kasuwa ta fara ja da baya, sababbin na'urori sun shigo, waya ta fara shiga hannun kowa. Sai damina ta yi nauyi, kogi ya cika ya hau lambuna, ruwa ya jiƙa gindin bangon ɗakina har ya zauna. Da safe na zo na tarar da na'urorina a cikin laka. Na wanke su da alkol, na shanya, na busa, tsatsa ta riga ni. Guda ɗaya ta tsira, wadda na manta a kife a kan randa, faya-fayan Doguwa kuma suna cikin aljihun rigata da na rataye a ƙusa. Na yi rumfa da tabarmi a inda ɗakin yake, na ci gaba da na'ura ɗaya da tele na aro. Idon irin wannan na'ura ya daina zuwa kasuwa tun tuni. Wannan guda ɗayan shi ne abincina da na iyalina.

A cikin wannan hali Madam Rahila ta zo ta ce an yi mata canjin wurin aiki zuwa can gabas, wajen Diffa, kuma motar kaya ta kusa zuwa. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta dai zauna a benci ta dubi ledar faifan, ta ce ashe za ta bar Yamai ba ta ga bayan ƙofar nan ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Mace ce da ta yi shekaru tana zama a bencina, ta karɓi haihuwar 'ya'yana biyu, kuma ni ne nake kiran kaina mai gyara.

Na ɗauki na'ura da faifai na tafi Petit Marché wurin Baba Hamani. A lokacin ya tsufa, idonsa ya yi hazo, sai dai ya zauna a rumfa yana sauraron rediyo. Ya shafa faifan da yatsa, ya kara kunne a na'ura, ya ce faifan zai ɗauki gogewa ɗaya tak, kuma ko an yi ba zai wuce ba sai an ƙara wa ido haske. Na ce masa ita kenan gare ni. Ya ce ya sani, shi ba zai ce in yi ba, ba zai ce in bari ba, ai tun ranar farko ya gaya mini sharaɗin bis ɗin.

Ranar Asabar na sa aka gaya wa mutanen benci. Tun da hantsi na zauna da faifan. Na wanke shi da ruwan randa, na sa mai kaɗan, na riƙa ja daga tsakiya zuwa baki, a kan karcen kawai, ina ɗagawa ina dubawa a hasken rana. Da na ga gefen karcen ya kwanta sai na tsaya, ko da yake hannuna na son ƙarawa. Na wanke ido da auduga. Na jiƙa buhu, na jera gwangwanaye. Sannan na ɗauki mafi ƙanƙantar turnabis ɗina na ɗora a kan bis ɗin, na murɗa shi kaɗan ƙwarai, gwargwadon kaurin farce. Na mayar da murfi na rufe.

Bayan azahar rumfa ta cika har da waɗanda suka daɗe da daina zuwa. Aka zagaye tabarmi da barguna. Ba wanda ya yi maganar layi, Sumana da kansa ya ɗauki manet ya miƙa wa Madam Rahila. Na cire kart daga wuyana na saka. Ta hau benen nan a natse, Doguwa na biye da ita, ana jin ɗigar ruwan zanenta a matakala. Ta isa ƙofa ta danna. Tele ya daskare yadda ya saba. Na durƙusa na kara kunnena a na'ura. Tik. Tik. Sai na ji wani dogon shuu da ban taɓa ji ba, ƙofar ta buɗe.

Ɗaki ne ƙarami, ba kowa a ciki, ba dodo, ba jini. Ɗan gadon jariri ne kawai a tsakiya, da takalmi ja ƙafa ɗaya a kansa. Jakar mai wasiƙu ta buɗe da kanta, aka nuno layar tamu da girma a karo na farko, sai ga shi ɗaya ƙafar takalmin ce. Doguwa ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa. Sumana ya ce a gudu, wani ya ce a kunna ashana. Madam Rahila ba ta kula su ba, ta juya mai wasiƙun ya fuskanci matar, ta taka har gabanta ta miƙa mata. Matar ta karɓa, ta haɗa da ɗayan, ta zauna a ƙasa kusa da gadon ta rungume su. Da ta juya baya muka ga abin da muka yi shekaru ba mu lura da shi ba don kullum gudu muke: majanyi ne ɗaure a bayanta, ba komai a ciki.

Rubutun Japan ya fito a ƙasan tele. Duk suka juyo suna jiran fassara. A karo na farko tun da na buɗe ɗakin, ban ƙirƙiro musu fassara ba. Ashe duk shekarun nan da takalmin ɗanta muke gudu, ni kuma ina hana a jefar.

Sumana ne ya tambaye ta yadda aka yi ta sani, da murya ƙasa-ƙasa, ba tsokana. Ta aje manet a benci, ta gyara ɗankwalinta.

"Ai tafiyar na sani. Macen da ta zo mana da ciki ta koma gida ba goyo, haka take fita ƙofar asibiti. Ni nake raka su har bakin titi."

Ba wanda ya hura gawayi ranar. Sunayen waɗanda suka ƙirƙiro wasan suna hawa a tele, ba su kai ƙarshe ba hoton ya fara rawa, ya tsaya. Na ji ƙaurin da na san zan ji. Na kashe, na sake kunnawa, ko tik ba ta yi ba. Madam Rahila ta dubi na'urar ta dube ni, ta gane abin da na yi, ta ce, "Yaya Ayuba, ba ka gaya mini ba." Na ce mata da na gaya mata da ta hana ni.

Ɗakin wasa daga ranar ya ƙare. Na sha wuya kafin in tsaya da ƙafafuna, na koma gyaran rediyo da tele a gefen rumfar Baba Hamani, daga baya waya ta zo na koye ta da furfurata, har na kafa wannan bencin da kuke zaune a kai. Ɗayanku ya ce in ba shi faifan ya ɗauki hotonsa, cikin ɗan lokaci zai nemo mini sunan wasan da ainihin abin da rubutun ya ce. Na gode, ba na so. Na'urar nan da kuke wa dariya ba za ta ƙara karanta faifai ba, amma abu na ƙarshe da idonta ya gani shi ne bayan ƙofar nan, kuma ni na sa ya gani. Ku miƙo mini ƙyallen can in ƙarasa goge ta.